Kuɗin Jiya da Mudun Yau

Ɗana, 'yata,

Ina da kamar shekara goma sha tara na yi wa kakana wata dariya da har yau in na tuna nake sunkuyar da kai. Lokacin naira sabuwa ce fil, ba a daɗe da janye fam da sule ba. Muna zaune a zaure da daddare, sanyin Jos ya sa kowa ya matsa kusa da kaskon wuta, hira ta kai ga aure, sai tsohon ya ce sadakin kakarmu fam uku ne. Ni kuwa ɗan makaranta, lissafi yana cina, nan take na buga: fam ɗaya naira biyu, fam uku naira shida. Na ce, "Ashe da araha ka ƙwace mini matar tawa." Wasan jika da kaka ne, kowa ya yi dariya har da shi. Da dariyar ta lafa ya gyara mayafinsa, ya ce in je in lissafa masa wata nawa mai wankin kuza yake yi tsaye cikin ruwan sanyi kafin ya tara fam uku, bayan ya ci, ya yi sutura, ya biya haraji, sannan in dawo mu ƙarasa dariyar. Ban koma ba, domin ban san ta inda zan fara ba.

Yanzu ni ake yi wa irin wannan dariya. Na shekara arba'in da 'yan kai ina riƙe da littafin lissafi a wata rumfar katako a nan Laranto, shi ya sa duk yaron da ya tono tsohuwar takarda a akwatin mahaifinsa wurina yake kawo ta: rasit na fili, takardar bashi, lissafin kayan aure, wani lokaci shafin littafin adashi. Tambayar kullum ɗaya ce, "Baba, nawa ne wannan a kuɗin yau?" Na kuma lura kusan dukanku da amsarku kuke zuwa, tabbaci kawai kuke nema. Wani ya ga adadin ƙanƙane ya raina shi, ya raina wanda ya sha wahalar tara shi. Wani kuma ya ciro waya ya ninka da farashin dala, ya ga miliyoyi, idonsa ya rufe, ya fara shirin kai baffansa ƙara. Na ga inda hanyoyin nan biyu suke kai mutum, shi ya sa na zauna rubuta muku wannan.

Kafin ka taɓa na'urar lissafi, fara tabbatar da cewa ka fahimci kalmar da ke kan takardar. A zamanin fam, kwabo goma sha biyu ne sule, sule ashirin ne fam. Taro kwabo uku, sisi kwabo shida, nai kwabo tara, anini kuwa sai ka tara goma kafin su zama kwabo. Da naira ta zo ranar 1 ga Janairun 1973, aka mai da fam ɗaya naira biyu, sule ya zama kwabo goma, amma bakin mutane bai canza da wuri ba. Shekaru da yawa bayan haka dattawa da fam suke ciniki. In ka ga an rubuta fam hamsin a takardar 1979, naira ɗari ake nufi. In ka ga jaka, to fam ɗari ce, wato naira ɗari biyu, ba dubu ba. Amma in mai rubutun da mutanen Maraɗi yake hulɗa, jakarsa sefa dubu ce, dalarsa kuma sefa biyar, ba ta Amurka ba. Ita ma sefar a watan Janairun 1994 an zabge rabin darajarta dare ɗaya, don haka sai ka san ko kafin ne ko bayan. Na taɓa ganin saurayi da digirinsa ya ninka gadon kakarsa sau biyar a kan kalmar jaka kaɗai. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ko kalmar kuɗi kanta, jam'in wuri ce. Baturen nan Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, da ya shiga Kano a 1851 ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan riyal ɗaya na azurfa, ya kuma kimanta cewa wuri dubu hamsin zuwa sittin zai riƙe gida guda shekara cur, har da sutura. Dubi abin da ya yi: bai tsaya ga canji ba, ya faɗi abin da kuɗin ke iya yi wa magidanci. Wannan bayani na biyu shi ne yake mana amfani yau, don ba mai karɓar wuri a kasuwa balle a tambaye shi canji. Shi ma wurin daga baya ya zube, bayan da fataken Turai suka riƙa jibgo shi ta teku daga gabashin Afirka, har ya zama kuɗin ɗaukarsa zuwa gari mai nisa yana cinye wani kaso nasa. Kakanninmu ma sun ga kuɗi ya narke a hannu, ba a kanku aka fara ba.

To, a ce ka gane adadin, ka san shekarar. Da wane mudu za ka auna? Nan ne nake so ku natsu, domin mudun ba ɗaya ba ne. Bari in ɗauki adadin da kowa zai iya bincikawa. A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, bayan yajin aikin ƙungiyar ƙwadago, aka sa mafi ƙarancin albashi naira 125 a wata. A 2024 aka mai da shi naira 70,000. In tambayarka ita ce matsayin mutum a tsakanin ma'aikata, to wanda ya karɓi 125 a wancan lokaci shi ne mai karɓar 70,000 a 2024, magana ta ƙare. In ka auna da alƙaluman farashin kayan masarufi, waɗanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa take tarawa, farashi ya ninka kusan sau 1,400 tsakanin shekarun biyu, sai 125 ta zama wajen naira 175,000. In ka bi ta dala, wadda a 1981 kwabo sittin da 'yan kai ce a farashin gwamnati, albashin ya kai dala 200, a ƙarshen 2024 kuwa dala ta haura naira 1,500, ka ga naira 300,000 ke nan. In kuma fetur ka ɗauka, lita a 1981 kwabo 15 da ɗigo 3 ce, albashin wata zai sayi sama da lita 800. A ƙarshen 2024 da lita take wajen naira dubu, sai ka nemi naira 800,000.

Kuɗi ɗaya, amsa huɗu, ta ƙarshe ta ninka ta farko fiye da sau goma, kuma ba wadda aka yi ƙarya a cikinta. Kowacce tambayarta daban take amsawa. Mai son ya nuna cewa da can aljanna ake ciki zai ɗauko ta fetur, mai son ya kare zamaninsa zai ɗauko ta albashi, kowannensu kuma zai rantse cewa lissafi ne ya faɗa. In ka ji mutum ya ce naira kaza ta da ita ce miliyan kaza ta yau, bai faɗi da me ya auna ba, tambaye shi cikin ladabi. Sau da yawa shi ma ji ya yi.

Kowane mudu da inda yake yoyo. Fetur gwamnati ce take yanka masa farashi tana cika ragowar daga aljihunta, har zuwa 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafi, don haka arahar da ta gwamnati ce, ba ta kasuwa ba. Dala ita ce kuka fi so, don tana cikin wayarku kuma ita ke ba da adadi mai daɗin ji, amma kafin Satumban 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta buɗe kasuwar canji ƙarƙashin shirin SAP, farashin dala na takarda ne. Mai lasisin shigo da kaya shi ke samunta a haka, ɗan kasuwar Katako bai taɓa ganinta a kwabo sittin ba. Haka ma shekarun Abaca, da gwamnati ta ƙulle ta a naira 22 alhali 'yan canji suna sayarwa sama da tamanin. Sannan ita dalar ba dutse ba ce, a can Amurka ma abin da dala ɗaya ta saya a 1981 yau sai an ba da fiye da uku. Zinariya ta fi su daɗewa, ita ce ma'aunin da malamai suke fitar mana da nisabin zakka da mafi ƙarancin sadaki, wato rubu'in dinari, amma ita ma tana hawa tana sauka: oza ɗaya ta taɓa dala 850 a Janairun 1980, ta dawo ƙasa da 300 a 2001. Wanda ya auna daga shekarar tsada da wanda ya auna daga shekarar araha ba za su taɓa haɗuwa ba.

Alƙaluman farashin kaya su ne suka fi kusa da rayuwar gida, kuma aiki da su ba wuya. Ka ɗauki lambar shekarar da kake ciki, ka raba ta da lambar shekarar da aka rubuta kuɗin, abin da ya fito ka ninka kuɗin da shi. Babban Bankin Najeriya da Bankin Duniya duk suna ajiye jerin, na Bankin Duniya ya koma har 1960. Sai dai ka kula lambobin biyu su fito daga jeri guda, domin hukumar takan sabunta kwandon kayan da take aunawa. Ta yi haka a farkon 2025, sai hauhawar farashi da aka ce kashi 34.8 ce a Disamba ta koma 24 da 'yan kai a Janairu, ba don shinkafa ta sauko a wata guda ba, mudun ne aka sake. Kuma kwandon na ƙasa baki ɗaya ne. Mu da kasuwar Farin Gada take bayan gidanmu ba ma sayen dankalin Turawa da kabeji yadda mutumin Legas yake saye.

Bari in ba ku labarin da ya koya mini abin da makaranta ba ta koya mini ba. Wani gida ne a unguwar nan, mai shi ya rasu da daɗewa, ba a raba gado ba sai da babban ɗansa ma ya bi shi. Da aka zo rabo, 'ya'yan babban ɗan suka fito da takarda: a 1982 mahaifinsu ya kashe naira 3,000 ya sake wa gidan rufi. Ƙannen mamacin suka ce ba komai, a cire dubu uku a ba su. Dubu ukun da a lokacin da kyar take sayen mudun shinkafa. Yaran suka ce ai a dala kusan miliyan bakwai ne. Aka yi wata biyu ba mai gaida wani, matan gida suka raba murhu, har yara ƙanana suka daina shiga ɗakunan juna.

Da aka kai maganar gaban malamin unguwa, bai fara da lissafi ba. Cewa ya yi, marigayin da ya yi rufin nan, kyauta ya yi wa mahaifinsa, ko rance ya ba shi, ko zuba kuɗinsa ya yi da sharaɗin a fitar masa in an zo rabo? Domin in kyauta ce ba abin da za a lissafa. Wata gwaggonsu da ta ga abin da idonta ta ba da shaida cewa tsohon da bakinsa ya ce a fitar wa ɗan nasa haƙƙinsa, kowa kuma ya amince a yi sulhu. Sannan aka aiko mini. Da na juya takardar sai na ga kafintan ya rubuta komai a baya da fensir: bandir nawa na kwano, katakon rufi guda nawa, ƙusa, silin, kuɗin aiki. Na ce su ajiye wayoyinsu. Washegari da safe na ɗauki mutum ɗaya daga kowane ɓangare muka shiga kasuwa, muka tambayi rumfa uku farashin kowane abu, muka ɗauki na tsakiya, muka sami kafinta ya faɗi abin da zai karɓa a kan aiki irin wannan. Abin da ya fito bai kai na masu dala ba, ya kuma yi wa dubu uku nisan sama da ƙasa. Daga nan dattawa suka rage wani abu, tunda rufin ya sha ruwan Jos shekara arba'in, kuma shi marigayin da iyalinsa a ƙarƙashinsa suka kwana duk tsawon lokacin. Ba wanda ya fita yana murna sosai, amma da sallah na ga yaran sun je gaida baffanninsu.

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini tsohon adadi, tambayar da nake fara yi masa ita ce me aka yi da kuɗin. In rufi aka yi, a auna da kwano. In abinci aka saya, a auna da buhun masara. In ladan aiki ne, a tambaya kwana nawa aka yi ana zufa. In an rasa sanin abin da aka yi da su, a gwada mudu biyu ko uku, a faɗi ƙarami a faɗi babba, a ce gaskiya tana tsakani. Wanda ya ba ka amsa har da kwabo a kan kuɗin shekara hamsin, yana so ne ka ga gwanintarsa.

Akwai wani kuskure da ni kaina na faɗa ciki, ina akawu kuwa. Mutum yakan ɗauka in farashi yana hawa kashi ashirin kowace shekara, a shekara biyar ya ninka sau biyu ke nan. Ba haka ba ne, domin hawan bana a kan na bara yake ɗorawa. A shekara biyar ya kusa ninki biyu da rabi. In hawan kashi ashirin da biyar ne, shekara uku ta isa kuɗinka su koma kusan rabi. A 1992 na kwashi adashi, na ƙulle kuɗin a akwatin ƙarfe da niyyar in na ƙara a kai in rufa ɗakuna biyu da na ɗora. Maƙwabcina da muka kwasa kusan lokaci ɗaya ya saye kwanonsa ya jingine a bayan ɗaki, ina yi masa tsiya cewa tsatsa zai ciyar. Tsakanin 1992 da 1995 farashi a ƙasar nan ya ninka fiye da sau huɗu, a 1995 kaɗai ya hau sama da kashi saba'in. Ni ne nake rubuta sabon farashi a littafi kowane mako da hannuna, amma ina ganin kamar abin bai shafi akwatina ba, tunda in na ƙirga takardun suna nan cif. Ranar da na buɗe don sayayya, ɗaki ɗaya ma bai rufu ba.

Maganar bashi kuwa, a nan sai ku taka a hankali, don hukuncinta daban ne da na labarin rufi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa wanda ya ranci naira dubu, naira dubu zai biya, ko darajarta ta hau ko ta faɗi, domin sharɗanta ƙari a kan rance riba ce. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma haka ta yanke a zamanta na Kuwait a 1988. Akwai magabata, irin su Abu Yusuf almajirin Abu Hanifa, da suka ga a duba ƙima in kuɗin sun canza, shi ya sa in faɗuwar ta yi muni ake komawa ga malami a nemi sulhu. Kada ka ɗauki lissafin da na koya maka ka je ƙofar wanda mahaifinka ya ranta wa kuɗi kana neman ninki dubu. Amma ke 'yata, kai ɗana, in ku ne ake bi, ku tuna an rawaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi, ba tare da an sharɗanta ba. Wanda ya ba mahaifinka naira ɗari biyar a 1985 ya fitar da shi kunya, wataƙila albashinsa na wata biyu ya ba shi. Ka miƙa masa takardar ɗari biyar guda yau ka ce an biya, ko alƙali ya sallame ka, kai ka san abin da ka yi. Lissafin a nan amfaninsa ka san girman alherin, ka kyautata gwargwadon ikonka. In kuma kai za ka ba da rance mai tsawo kana tsoron faɗuwar naira, ranta abin da kansa, buhu goma na siminti a dawo maka da buhu goma, a rubuta haka tun ranar farko.

Wasu abubuwan ba su aunuwa ko an so. Filin da kakanku ya saya a bayan gari yau tsakiyar gari ne, tsadarsa ba faɗuwar naira kaɗai ba ce, mutane ne suka ƙaru, titi ya zo. Wayar da ke hannunka kuwa ko Sarkin Kano bai mallaki irinta a 1975 ba, komai kuɗinsa. Saboda haka in dattijo ya ce muku da can da naira ɗaya yake cefane, ku yarda da shi, sannan ku tambaye shi nawa yake samu a wata, mutum nawa ne a unguwar suke da firiji, 'ya'ya nawa ƙyanda ta ɗauke. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, mu tsofaffi kuma mun iya tuna farashi mu manta albashi.

Abin da ya ceci gidan can fensirin kafinta ne, don haka ku ma ku bar wa na bayanku abin da za su kama. Duk kuɗin da ka zuba a gidan gado, ko ka haɗa jari da ɗan'uwa, ko aka ba ka ajiya, rubuta ranar da shekarar, rubuta ko kyauta ce ko rance ko haɗin gwiwa, rubuta abin da aka saya da yawansa, shaidu biyu su sa hannu. Ubangidana na farko yakan sa in rubuta farashin buhun masara da na siminti a saman shafin farko na kowane wata. A lokacin ina ganin ɓata tawada ne, yau littattafan nan su nake buɗewa in an zo da gardama. Rasit ɗin da injin shago yake fitarwa yanzu rubutunsa yana gogewa kafin shekara ta zagayo, ka ɗauki hotonsa ko ka kwafe shi da biro. Kuma kada ka ajiye kwafi ɗaya tak a shago. Da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002, na san mutanen da asarar kaya ba ta dame su kamar asarar littafin bashi ba. Nawa kwafin na biyu yana gidan ƙanwata a Bukur.